Ana cewa za a saye kamfanin: in zuba kuɗina ko in dakata?

Tambaya: Wani injiniya mazaunin Mabera a cikin garin Sakkwato, wanda sana'arsa haɗa wa ofisoshi da makarantu da otal-otal intanet, ya aiko da tambaya. Ya ce majalisarsu ta rabu biyu a kan wani kamfanin Amurka mai ƙera na'urorin rarraba intanet. Wasu na cewa hannun jarinsa ya yi araha tunda ana raɗe-raɗin wani babban kamfani zai saye shi, wasu na cewa ya yi tsada domin farashin ya ninka ribar shekara sau 40. Shi dai ya san kayan kamfanin, da hannunsa yake ɗaura su, kuma ba su taɓa ba shi kunya ba. Yana da 'yan daloli da ya tara a manhajar sayen hannun jari. Wa ke da gaskiya, kuma ya shiga ko ya dakata?

Amsa: Injiniya, Allah ya yi wa nema albarka. Sunan kamfanin na bar shi a aljihu da gangan, don kada ni ma in zama mai iza wutar raɗe-raɗin. Abin da zan faɗa ya hau kansa, ya kuma hau kan sauran 'yan'uwansa masu ƙera rauta da suwic da na'urorin da ke tura haske cikin igiyar fayiba.

Ka yi wa kamfanin kuɗi kamar babu mahaluƙin da zai taɓa taya shi. In a hakan farashin yau ya yi maka, bismillah, kuma in mai saye ya ɓullo daga baya, gyara ce aka yi maka. In kuwa lissafin ba ya fita sai an cusa zancen mai saye a ciki, to cinikin biri a sama ake gayyatarka. Kowane ɓangare na majalisarku ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Amma kafin in zo kansu bari in fara da taka hujjar, domin ita ce ta fi saurin rufe wa masu sana'a irinka ido.

Ka ce kayansu na da inganci, kuma ban musa ba, ka fi ni sanin wannan. Sai dai ingancin kaya ba ya faɗa maka nawa ya kamata ka biya kafin ka mallaki wani yanki na kamfanin. A watan Maris na 2000 Cisco, babban kamfanin Amurka mai ƙera na'urorin rarraba intanet, ya zama kamfani mafi daraja a duniya, ya shige gaban Microsoft, jimillar kuɗin hannayen jarinsa ta haura dala biliyan 500, kowane hannu ɗaya yana kusan dala 80. Hujjar masu saye a wancan lokaci ba ƙarya ba ce: intanet za ta game duniya, kuma ta cikin na'urorin Cisco za ta bi. Duka biyun sun tabbata. A shekarar kuɗi ta 2000 kamfanin ya yi cinikin kusan dala biliyan 19, ribarsa ba ta kai biliyan 3 ba. A 2023 cinikin ya kai biliyan 57, riba ta haura biliyan 12. Duk da haka wanda ya saya a dala 80 ya ga farashin ya gangaro ƙasa da dala 10 a Oktoban 2002, ya kuma shafe sama da shekara 20 bai ga kuɗinsa sun dawo inda ya sa su ba. Kamfanin bai yi masa laifin komai ba. Shi ne ya biya ninkin ribar shekara kusan 200.

Kuma Cisco ne mai sa'ar cikinsu. Nortel na Kanada a 2000 shi kaɗai ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Toronto. A Janairun 2009 ya durƙushe. Da aka yi gwanjon takardun mallakar fasaharsa a 2011, an samu dala biliyan 4.5, wanda ke nuna injiniyoyinsa ba 'yan wasa ba ne, amma kuɗin masu bin bashi suka tafi, masu hannun jari ba su tsira da ko sisi ba.

Dalilin da ya sa wannan sana'a ke da wuyar sha'ani kai ma ka gani a aikinka. Yawan bayanan da ke bi ta waya kullum ƙaruwa yake, amma kuɗin da ake biya a kan kowane gigabait raguwa yake. Na'urar da aka sayar da tsada bana, bayan shekara huɗu wata ta fito mai ninkin ƙarfinta a kusan kuɗi ɗaya. Manyan masu sayen kuma 'yan ƙalilan ne, kamfanonin waya da masu manyan cibiyoyin adana bayanai, kuma mai sayen da ke ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na kayanka shi ke yanka farashi, ba kai ba. Ga Huawei da ZTE a gefe, waɗanda a kasuwannin Afirka sun daɗe suna karya farashi har sai abokin hamayya ya haƙura. Don haka in wani ya tashi a majalisa ya ce ai buƙatar intanet ba za ta ƙare ba, ka ce masa gaskiya ne, sannan ka tambaye shi aljihun wa kuɗin ke tsayawa.

Yanzu ga yadda ni nake yi wa irin wannan kamfani kuɗi. Ba na farawa da farashin hannu ɗaya, domin dala 5 ba araha ba ce, dala 500 ba tsada ba ce, har sai ka san hannaye nawa ne gaba ɗaya. Ka ninka farashin da yawan hannayen, ka ɗora bashin da ake bin kamfanin, ka cire tsabar kuɗin da ke asusunsa. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin kamfanin, kuma shi duk mai son saye yake kallo, tunda wanda ya saye kamfani har bashinsa ya gada. CommScope, kamfanin Amurka mai ƙera wayoyi da kayan sadarwa, ya isa misali. A 2019 ya saye ARRIS, mai Ruckus da ka sani, a kan dala biliyan 7.4, ya cika wuyansa da bashin da ya haura biliyan 9. A 2024 hannun jarinsa ya sauko wajen dala 1. Mai kallon farashi kawai zai ce kyauta ake rabawa, alhali kusan duk kamfanin na masu bin bashi ne, 'yar ƙurar da ta rage ce ake sayarwa a dala ɗaya. Daga baya, a Agustan 2025, Amphenol ya amince zai sayi sashensa na wayoyi a kan dala biliyan 10.5, farashin ya yi tsalle, wasu suka ci riba mai yawa. Bashi haka yake, yana ninka riba yana ninka asara, kuma waɗanda suka ci ɗin sun kwana da sanin cewa komai na iya tafiya.

Bayan wannan sai ka bar shafin riba ka nufi shafin shigar tsabar kuɗi da fitarsu. Ka duba abin da ya rage bayan an biya ma'aikata, an biya bincike, an sayi injuna. A nan akwai wata dabara da kamfanonin fasaha na Amurka suka ƙware a kai: suna biyan ma'aikata wani kaso na albashi da sababbin hannayen jari, sannan in za su sanar da riba sai su fitar da lamba biyu, ɗaya ta ƙa'idar akanta, ɗaya kuma wadda suka gyara suka cire wannan biyan kamar ba kashewa ba ne. Ta biyun ce ke yawo a wayoyin mutane domin ta fi kyan gani. Albashi dai albashi ne, ko da naira aka biya ko da takarda, kuma duk sabon hannun da aka buga rage naka kason yake yi. Ka tambayi 'yan majalisarku masu cewa ninki 40, da wace ribar suka raba. Sau da yawa in ka mayar da shi kan ta ƙa'ida, 40 ɗin sai ta koma 60.

Sai ka leƙa rahoton shekara inda doka ta tilasta wa kamfani ya bayyana duk mai sayen da ya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa. Arista mai ƙera suwic kamfani ne nagari, ribar da yake samu a kan kaya kafin sauran ɗawainiya ta haura kashi 60, ba shi da bashin a zo a gani. Amma a 2022 da 2023 Microsoft da Meta su biyu kawai sun ɗauki kusan kashi 40 na cinikinsa. Wannan bai mayar da shi mugun jari ba, waɗanda suka riƙe shi tun shigarsa kasuwa a 2014 sun ci moriya sosai. Abin da yake nufi shi ne shawarar da wasu mutum kaɗan za su yanke a ofisoshi biyu na iya juya shekarar kamfanin gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ka gane a wace gaɓa ta kakar ciniki ake. Ka tuna 2021 da 2022, lokacin ƙarancin ƙwaƙwalen lantarki, da mutum zai yi odar suwic ya jira watanni. Masu saye da suka ga haka sai suka riƙa yin odar fiye da buƙatarsu, kamfanoni suka riƙa nuna tulin odar da ba a kai ga cikawa ba a matsayin shaidar bunƙasa. Da kaya suka wadata, kowa ya tarar da sitonsa cike, oda ta tsaya, har Cisco ya rage hasashen cinikinsa a Nuwamban 2023. Irin wannan ya taɓa faruwa a 2001, lokacin da Cisco ya share kayan sama da dala biliyan 2 daga littafinsa saboda babu mai saye. Yanzu guguwar ƙirƙirarriyar basira ce ke tura cinikin suwic masu tsananin gudu, kuma ciniki ne na gaske, kuɗi ake biya. Amma ribar shekarar da kasuwa ta fi kowace cika ba ita ake ninkawa a yi wa kamfani kuɗi ba. Ka haɗa ta shekara biyar ko bakwai, mai kyau da marar kyau, ka fitar da matsakaici.

Masu cewa ninki 40 tsada ne su ma sun yi gaggawa. Ninki shi kaɗai ba hukunci ba ne. Kamfanin da ribarsa ke ƙaruwa da kashi 25 duk shekara, cikin shekara uku ta kusa ninkawa, 40 ta koma wajen 20 ba tare da farashi ya motsa ba. Wanda ribarsa ke tsaye kuwa, ninki 15 ma na iya yin yawa. Tambayar ita ce shekara nawa na bunƙasa aka riga aka sa ka biya tun yau, kuma me zai hana wani ya shigo ya raba ribar da shi. Kada kuma wani ya rufe maka baki da cewa kasuwa ta fi kowa sani. Ranar 2 ga Maris na 2000, 3Com mai ƙera kayan sadarwa ya sayar da ɗan ƙaramin kaso na reshensa Palm mai ƙera kwamfutar aljihu, ya kuma sanar cewa sauran zai raba wa masu hannun jarinsa, kowane hannu ɗaya na 3Com zai samu kusan ɗaya da rabi na Palm. Palm ya rufe ranar a wajen dala 95, wato kowane hannun 3Com na ɗauke da Palm na sama da dala 140. Amma 3Com ɗin kansa a wajen dala 82 ya rufe. Lissafin da ɗan firamare zai gano, kasuwar da ta fi kowace girma a duniya ta kwana a kansa.

To mu zo kan mai saye, wanda shi ne ainihin abin da ke motsa zuciyarka. Gaskiya ne ana yawan haɗiye juna a wannan fanni. Nokia ya haɗiye Alcatel-Lucent a 2016, Nvidia ya saye Mellanox a kan dala biliyan 6.9, Cisco ya saye Splunk a kan biliyan 28 a 2024. Gaskiya ne kuma mai saye kan ɗora wani abu a kan farashin kasuwa, sau da yawa tsakanin kashi 20 zuwa 40, domin shi yana da hanyar samun abin da kai ba ka da ita: zai haɗe ofisoshi, ya rage ma'aikata, ya tura kayan ta hannun dillalansa. Labarin Juniper, wani mai ƙera rauta da suwic a Amurka, ya ƙunshi kusan duk abin da ya kamata ka sani, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa.

A ƙarshen Nuwamban 2017 wata tashar labaran kasuwanci ta Amurka ta ce Nokia na tattaunawar sayen Juniper. Farashi ya yi sama nan take bayan rufe kasuwa. Cikin sa'o'i kaɗan Nokia ya fito ya ƙaryata, farashin ya dawo. A lokacin yana wajen dala 30. Wanda ya saya ya ce ai ko ba Nokia ba wani zai zo, bai yi ƙarya ba, wani ya zo, amma sai bayan shekara shida. Ranar 8 ga Janairun 2024 hannun Juniper ya rufe a dala 30 da 'yan kai, kusan inda yake a 2017. Da daren nan jarida ta fasa ƙwai cewa HPE, babban kamfanin kwamfuta na Amurka, na dab da saye, washegari farashi ya haura dala 36, sannan aka sanar a hukumance: dala 40 kowane hannu, tsabar kuɗi, jimilla kusan biliyan 14, ƙarin kashi 32. HPE ya ce yana sa ran rage kashe kuɗi na dala miliyan 450 a shekara bayan haɗewa, ka ga inda ƙarin ya fito.

Ka lura da inda aka auna kashi 32 ɗin. Daga dala 30 aka auna, farashin kafin labari ya fita, ba daga 36 ba. Kamar dai sa ne a Kara wanda kowa ya san kuɗinsa, sai aka ji wai wani Alhaji daga Legas na nemansa, 'yan baranda suka yi ta karɓa a tsakaninsu suna ɗorawa. In Alhajin ya iso, ba daga inda suka kai shi zai fara tayi ba, shi ma ya san kuɗin sa. In kuma bai zo ba, wanda igiyar ta ƙare a hannunsa shi ke sayen dusa da harawa. Wanda ya sayi Juniper bayan labari ya fito, abin da ya rage masa bai wuce dala 3 zuwa 4 ba.

Kuma wannan ɗin ma bai zo da sauƙi ba. A ƙarshen Janairun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar da ƙara don hana cinikin, tana cewa in aka haɗe su, su da Cisco za su mamaye kasuwar na'urorin wayafai na manyan ma'aikatu. Farashi ya gangaro wajen dala 35. Sai a ƙarshen Yuni aka sasanta, bisa sharaɗin HPE ya sayar da sashensa na Instant On ya kuma ba wasu lasisin wata manhajar Juniper mai suna Mist, aka rufe ciniki a farkon Yulin 2025. Wata 18 kenan kuɗin mutum na ɗaure, da fargabar kotu a tsakiya, don ribar da ba ta wuce kashi 10 ba in ka cire ɗan rabon ribar da aka ci gaba da biya. Ɗan Najeriyar da ya shiga a lokacin zai ce maka shi ya ci riba mai kauri a naira, kuma gaskiyarsa, amma faɗuwar naira a farkon 2024 ce ta ba shi, da dalar ya ajiye kawai ma da ya samu mafi yawanta.

Ga lissafin da za ka yi da kanka, da lambobin misali. A ce kafin raɗe-raɗi kamfanin yana dala 20, yanzu ya kai 25. In mai saye ya ɗora kashi 30 a kan 20, zai biya 26. Ka sa 25, in an yi ciniki ka ci 1, in ba a yi ba ya koma 20 ka rasa 5. Kafin ka fita ba ci ba asara sai ya zama cikin irin wannan raɗe-raɗi shida, biyar na tabbata. Ka tuna raɗe-raɗin da ka ji a rayuwarka, ka faɗa wa kanka ko biyar cikin shida sun taɓa zama gaskiya.

Wannan fanni kuma ya fi sauran shan katsalandan ɗin gwamnatoci, domin ta cikin waɗannan na'urori sirrin ƙasa ke bi. A 2007 kamfanin zuba jari na Bain Capital tare da Huawei na ƙasar Sin sun amince za su sayi 3Com a kan dala biliyan 2.2, kwamitin tsaron Amurka mai tace jarin waje ya nuna bai yarda ba, cinikin ya mutu a 2008, sai HP ya saye shi a 2010 a kan biliyan 2.7. A Maris na 2018 Shugaba Trump ya hana Broadcom sayen Qualcomm, cinikin da ya haura dala biliyan 100. A Yulin shekarar Qualcomm ɗin ya haƙura da sayen NXP na biliyan 44 saboda hukumar ƙasar Sin ta ƙi sa hannu, ya biya tarar biliyan 2 ya tafi. Mai zaune a Sakkwato da waya a hannu ba shi da wata hanyar da zai riga lauyoyin Washintan da Bejin sanin inda irin wannan za ta faɗi.

Don adalci, wani lokacin jinkirin kan zama alheri. Cisco ya amince a Yulin 2019 zai sayi Acacia a dala 70 kowane hannu. Amincewar Sin ta makale har wa'adi ya cika a Janairun 2021, a tsakanin nan kasuwancin Acacia ya bunƙasa, sai shugabanninsa suka ce albarka, sun fasa. Cisco ya garzaya kotu, daga baya ya dawo ya biya dala 115. Abin lura shi ne ba raɗe-raɗi ya kawo ƙarin dala 45 ɗin ba, ƙarfin kamfanin shi kaɗai ne ya ba shi bakin cewa albarka. Kishiyarsa Infinera, wanda a 2015 ya haura dala 20, aka yi ta cewa za a saye shi, Nokia ya zo a 2024 ya amince zai biya dala 6.65, kuma wannan ɗin har da ƙari a kan farashin kasuwa. Kamfanin da ya gaji shi ma akan saye shi, amma a farashin gajiyayye.

Ka kuma tambaya da me za a biya. Tsabar kuɗi magana ce a rufe. In da hannayen jarin mai saye za a biya, to ka zama mai jari a wani kamfani dabam, sai ka sake lissafi daga farko. JDS Uniphase ya saye SDL a kan dala biliyan 41 na takarda a ganiyar haukar 2000, shekara guda bayan nan ya sanar da asarar da ta haura biliyan 50, mafi yawanta share darajar kamfanonin da ya saya ne. Mu nan ba baƙin musayar takarda ba ne. Dattawan da suka riƙe hannun jarin kamfanin siminti na Kalambaina, CCNN, sun ga an haɗe shi da wasu kamfanonin BUA a 2018 da 2019, suka wayi gari a Janairun 2020 suna riƙe da BUA Cement, kamfani mai masana'anta har a Edo. Ko ya yi musu kyau ko bai yi ba, ya danganta da abin da sabon kamfanin ya yi bayan nan ne.

Game da mutumin da ke rantsuwa yana da majiya daga ciki, ɗayan biyu ne. Ko dai da gaske yana da sirrin, wanda ciniki da shi laifi ne a dokar Amurka da ta Najeriya, ko kuma ba shi da komai, ya riga ya saya yana neman wanda zai sauke wa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani ya biya da tsada. Ni ban ga abin da ya raba wannan da mai yaɗa labarin mai sayen da ya san babu shi ba, kuma ina jan kunnenka kada ka tura wa wani abin da kai ma turo maka aka yi.

Tunda an zo nan, ka auna kamfanin da ma'aunin shari'a kafin komai. Ƙera na'urar sadarwa halal ne a asali, amma ƙa'idar hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Baharain ta ce bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga daga hanyar da ba ta halatta ba kada su wuce kashi 5, kuma a fitar da wannan kason a yi sadaka da shi. Kamfani irin CommScope na 2024 tun a nan zai faɗi. Rancen da wasu manhajoji ke bayarwa don ka ninka abin da za ka saya kuwa, ruwa ne a kansa, ka bar shi. Sauran bayani ka zauna da malaminka.

Inda iliminka ke da amfani na gaske ba a hasashen wa zai saye wa ba ne. Kai ne ke ganin wace na'ura masu ba da kwangila suka fara nema da suna, wacce ake cirewa ana maye gurbinta da MikroTik ko Ubiquiti saboda kuɗin lasisin shekara ya yi nauyi, wacce ke jure zafin Afrilu da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Amma ka san iyakarsa: kasuwarmu ɗigo ce a littafin kamfanin Amurka. Wannan sani ya fi nauyi a kan kamfanonin gida, kodayake su masu ba da sabis ne ba masu ƙera na'ura ba, kuma ciwonsu dabam ne. Cinikin MTN Najeriya ya ƙaru a 2023 da 2024, amma ya yi asarar naira biliyan 137 a ta farko da kusan biliyan 400 a ta biyu, domin yana karɓar naira yana biyan hayar ƙarafan sabis da basussukan da ke ɗaure da dala. IHS mai ƙarafan ya shiga kasuwar Niyok a dala 21 a Oktoban 2021, a 2024 ya sauko ƙasa da dala 3. Etisalat ya kasa biyan bankuna dala biliyan 1.2 a 2017 ya koma 9mobile. Kuma ba ka manta Satumban 2021 ba, da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Cinikin da ya fi armashi a fannin a ƙasar nan, sayen MainOne da Equinix ya yi a kan dala miliyan 320, kamfanin ba ya kasuwar hannayen jari, don haka ni da kai ba mu da ƙofar shiga tun farko.

Da kuɗina ne, ga yadda zan yi. Zan nemo farashin kamfanin na ranar da ta gabaci fitowar raɗe-raɗin, in yi lissafina a kan matsakaiciyar ribar ƙa'ida, in rubuta farashin da zan iya biya a takarda kafin in sake buɗe manhajar. In na yau ya fi shi, zan jira, domin raɗe-raɗin da bai tabbata ba cikin 'yan makonni yakan huce, farashi ya sauko da kansa. In ya sauko inda na rubuta, zan sa abin da ba zan buƙata ba nan da shekara biyar, kuma ba duka a kamfani ɗaya ba. Ka sa a lissafinka cewa manhaja na cin nata wajen canjin naira zuwa dala da dawowa, kuma Amurka na cire kashi 30 daga duk rabon ribar da aka biya ɗan Najeriya, tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu.

Ka buɗe rahoton shekarar kamfanin na ƙarshe, ka ciro mini lamba huɗu: jimillar bashi, tsabar kuɗin da ke hannu, abin da aka biya ma'aikata da hannun jari, da kason manyan masu saye. Ka haɗo da farashin kafin raɗe-raɗin ka aiko, sai mu yi lissafin tare.